Ranar da Na Ɗaure Ƙannena Tagwaye da Igiya Ɗaya

Shekarun baya, wata Talata a cikin bazara, ƙarfe shida da minti goma na safe, mu huɗu ne a ƙofar gidanmu a Funtua: ni, da ƙannena tagwaye 'yan shekara tara, da maƙwabcinmu malamin asibiti, yana tsugune yana ba kekensa iska. Na tabbatar da lokacin, domin agogon a hannuna yake, kuma a wancan zamanin ba na yin minti biyu ban dube shi ba. A ɗaya hannun ina riƙe da sabuwar igiyar rama. Amma bari in koma baya kaɗan, ba na son labarin da aka fara daga tsakiya.

Shekarata goma sha takwas a lokacin, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Na gama firamare, ban sami wucewa gaba ba, ina taya Baba noman auduga da dawa, ina jiran a buɗe ɗaukar 'yan doka. Na yi sikawut a makaranta, na fito da abu uku: usur, da iya ƙulli iri-iri, da yarda cewa duk abin da ya lalace a duniya rashin tsari ne ya lalata shi. Da kajin gidanmu suna jin magana, da su ma na sa su a layi.

Tagwayen nan ciki ɗaya suka kwanta, amma ba gida ɗaya suka tashi ba. Suna da shekara ɗaya da rabi Inna ta yi ciwon nono, aka ɗauki ƙaramin aka kai shi yaye wurin kakarmu ta wajen uba, a wani ƙauye bayan Maska. Kwana arba'in aka ce zai yi. Ya yi shekara bakwai. Duk sanda Baba ya tayar da maganar dawo da shi, sai Kaka ta ce to wa zai riƙa ɗebo mata wuta a maƙwabta. Sai da zancen makaranta ya matsa sannan ta sake shi. Shi ya sa a gida muke ce wa ɗaya na gida, ɗaya na Kaka.

Fuska ɗaya gare su, sai dai na Kaka ya fi rama, kuma komai nasa a hankali. In an aike su rijiya, na gida zai je ya dawo, shi yana can rabin hanya ya sauke tulu yana maida numfashi. In yara suna langa, zagaye biyu zai yi ya koma gindin bango. Ko barci ba ya son yi a miƙe, sai ya jingina da buhu. Kowa a unguwa ya yanke hukunci ɗaya: goyon kaka ne, an shagwaɓa shi. Ni ma haka na gani, har na fi kowa tabbata, saboda ina da hujja. Ga ɗan'uwansa nan, jini ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. In ɗaya yana iyawa ɗaya ba ya iyawa, to ba jiki ba ne, hali ne. Da Baba ya ce mini, "Kai ne babba, ka gyara shi," sai na ji kamar an ba ni igiyar sajan.

Aka kuma yi dace hedimastan makarantarsu ya sanar za a yi wasan tsere a ƙarshen zango. Na riga na hango su biyun a gaba, iri ɗaya, mutane suna tambayar wa ya hore su.

Na tsara abin daki-daki. Na farko, kullum bayan sallar asuba su ruga daga ƙofar gida zuwa wata tsamiya da ke gefen layin dogo, su taɓa ta su dawo. Na gida yana yi a minti biyar. Na Kaka takwas, wata rana tara, kuma ya iso bakinsa a buɗe. Na biyu, na hana Inna ajiye masa ƙanzo da nono a ɓoye. Na uku, duk ranar da ya tsaya a hanya, ya sake wani zagaye shi kaɗai.

Wata safiya na tsare shi. "Me ya zaunar da kai a gindin tsamiya?"

"Yaya, ƙirjina ne yake bugawa."

"Na kowa ma bugawa yake. Wanda nasa ya daina ai an kai shi makwanci. Koma."

Ya koma. Ni kuwa har daɗin amsar tawa na ji.

A mako na uku sai na ga lokacin na gida ya fara lalacewa. Shida, bakwai, takwas. Na laɓe a bayan wani rumbu na gano dalili: da sun sha kwana sai ya rage gudu, ya jira ɗan'uwansa, su taho tare. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zo in gyara ɗaya, ga lalaci ya kama na biyu.

A kwanakin ne Baba yake horon wani sabon sa da ya sayo don huɗa. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san yadda ake yi. Ba a barin sabon sa shi kaɗai. Haɗa shi ake yi da tsohon da ya san aiki a ƙarƙashin karkiya ɗaya, a ɗaura musu gungume su ja. In sabon ya tirje, tsohon ya fizge shi. Kwana kaɗan sai ka ga tafiyarsu ta zama ɗaya. Na tsaya a bakin gona ina kallo, na ce a raina ai ga maganin nan a gabana tuntuni. Da yamma na sayo igiya.

To mun dawo safiyar Talata. Na ɗaura wa na gida igiyar a ƙugu, na bar kamu uku a tsakani, na ɗaura wa na Kaka. Ƙulli na yi irin wanda ba ya kwancewa, wanda in an ja ƙara kamawa yake. Malam ya ɗago kai daga kekensa. Kirista ne, mutumin wajen Malumfashi, sa'an Baba, kuma ba ya kirana da komai sai Sajan.

"Sajan, yau kuma wace kasuwa za a kai su?"

"Horo ne, Malam."

"Ni dai a sanina shanun gidanku biyu ne. Ashe an ƙaro." Ya daɗe yana duban na Kaka. "Wannan ka kawo mini shi in saurari ƙirjinsa. Tun wancan makon na gaya wa babanku."

"In ya dawo, Malam."

Na juya wurin yaran na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce wa na gida, "Minti shida na ba ku. In kun wuce, kai zan zana, ba shi ba."

Na busa usur. Suka zabura. Abin da ban taɓa gani ba, na Kaka ne a gaba, igiyar ma ba ta miƙe ba. Na dubi Malam ina murmushi. Bai dube ni ba.

Minti biyar. Shida. Na fara kai da kawowa tsakanin dakali da bakin hanya. Takwas. Na ce wataƙila sun tsaya kwance igiyar ne, na karyo tsumagiya na riƙe. Goma. Na jefar da tsumagiyar, na sake ɗauka. Malam ya gama ba keke iska tuntuni, ya ɗaure jakarsa, amma bai hau ba. Na kanga agogon a kunne ko ya lalace ne. Lafiyarsa lau. A minti na goma sha biyu Malam ya ce, "Hau baya."

Mun same su a hanyar dawowa, sun riga sun taɓa tsamiyar. Na Kaka yana zaune a ƙasa, ya dafa hannu biyu a gabansa, wuyansa a miƙe kamar mai neman iska a sama. Leɓunansa sun yi duhu, yana tari, kumfa tana fita a gefen bakinsa. Igiyar ta zame daga ƙugu ta hau ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta matse. Na gida ya durƙusa yana cizon ƙullin da haƙori, dasashinsa har jini. Na ture shi na kama ƙullin. Ni na ƙulla shi, na san ta inda ake bi, amma ya ƙi kwancewa. Malam ya zaro reza daga jakarsa ya yanke.

Bai yi mini faɗa ba. Hannuna ya kama ya ɗora a ƙirjin yaron ta hagu, ya danne. Abin da na ji ba bugawa ba ne irin wadda na sani. Wani kaɗawa ne a ƙarƙashin tafin hannuna, kamar ka dafa bayan kyanwa tana gurnani, ga sauri ba tsari.

"Ka ji?" in ji shi. "To wannan ba kaka ce ta koya masa ba."

Da yaron ya sami bakin magana, ni ya duba. "Yaya, minti nawa?" Ya ja numfashi. "Ni na faɗi. Kada ka doke shi."

Muka zaunar da shi a kan keken, Malam yana turawa, ni ina tallafe da bayansa don ya ce kada a bari ya kwanta. Na gida ya ruga ya kira Baba da Inna. A asibiti aka jingina shi da matasai, aka yi masa allura, likita ya zo ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa gaba da baya. Likitan ba ya jin Hausa sosai, Malam ne yake fassara. Ya tambaya ko yaron ya taɓa yin ciwon wuya mai zafi da zazzaɓi. Baba ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Ya taɓa yin ciwon gaɓoɓi? Ya taɓa kwanciya doguwa? Babu wanda ya sani. Shekara bakwai na rayuwar yaron nan, ba mai iya faɗin komai a kansu a gidanmu. Baba ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, "Ari keke ka ɗauko tsohuwa."

Tafiyar nan ban san yadda na yi ta ba. Rana ta buɗe, ƙura tana shiga mini ido, sarƙa ta zame sau biyu. Duk inda na ga hawa sai in sauka in tura da gudu, don zama a kan sirdi ma gagarata yake. Ina tafe ina lissafin abin da zan tarar in na dawo, in kore shi, ya sake dawowa.

Na sami Kaka a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ɗakin nan ne da jikoki bakwai ko takwas suke kwana a tabarma biyu, in ɗaya ya yi tari kafin mako duk sun ɗauka. Tana ganina ta fara tsokanar da ta saba.

"Maigidan ne da tsakar rana, kuma hannu biyu ba cefane? Ni na gaji da wannan aure."

Ta dubi fuskata. Ta ajiye mazarin a hankali.

"Me kuka yi wa yarona?"

Na ce ba shi da lafiya, likita yana son ganinta. Ban faɗi zancen igiya ba. Ta ɗauki mayafi kawai. Muka tari wata motar hatsi a Maska, aka ɗora keken a kan buhuna, muka iso bayan la'asar. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya na kasa shiga, sai da na ji muryarsa yana cewa "Kaka" sannan na shiga.

Kaka ba ta yi boko ba, amma ta ba likita labari a jere, fiye da yadda ni zan iya. Yana da shekara shida, cikin damina, wuyansa ya kumbura har ba ya haɗiyar koko. Ta kira wanzami, ya ce belu ne ya sake tsirowa, ya yanke. Ya warke. Bayan kamar mako uku sai zazzaɓi, da wani ciwo mai yawo: yau gwiwa ta kumbura, gobe ta sace ya koma idon sawu, jibi gwiwar hannu. Aka ce sanyi ne, aka yi ƙaho, aka yi tsaga, aka yi sirace. Wata guda yana kwance. Shekara ta zagayo abin ya sake dawowa. Tun daga nan, in ji ta, bai ƙara bin yara kiwo ba, ita kuma ba ta matsa masa ba, don ta ga yadda yake haki.

Sai ta juya wurin Baba. "Kuma na aiko maka tun a karon farko, na ce ka zo ka kai shi asibiti. Na ji shiru. Na ce to, an bar mini kayana."

Baba ya ce, "Wa kika aiko, Iya?"

Ta nuna ni da haɓa. "Ga shi nan. Da ya zo hutu."

A take na tuna. Saƙo uku ta ba ni ranar da zan koma gida: yaron ba lafiya, wuyansa, a aiko mata da dawa, akuyarta da ke wurinmu a sayar. A hanya na sake musu tsari bisa abin da na ga ya fi muhimmanci. Dawa na sa a gaba, akuya ta biyu, ciwon wuya a ƙarshe, don wane yaro ne ba ya ciwon wuya? Na faɗi biyu, aka yi sallama da Baba a waje, ya fita. Na ce na faɗa gobe. Ban faɗa ba. An kai dawa, an sayar da akuya.

Na faɗi haka a gabansu duka, don ba ni da wata mafita. Kaka ce daga baya ta ce, "Shekara uku ina jin haushin ubanka a banza."

Likita ya yi bayani, Malam ya sauƙaƙa mana. A cikin zuciya akwai wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe. Irin wannan ciwon wuya, in ba a yi maganinsa ba, a wasu yara yakan koma gaɓoɓi, ya kuma taɓa ƙofofin nan. Ɗaya daga cikin nasa ta lalace, jini ba ya wucewa yadda ya kamata, shi ya sa in ya yi gudu iska take gagararsa. Abin da ya lalace ba zai koma ba. Abin da za a iya shi ne a hana ciwon dawowa ya ƙara ɓarna: allura duk mako huɗu, shekara da shekaru, ba fashi. Ba tsere, ba kaya mai nauyi. Ya yi tafiyarsa, ya yi wasa iya ƙarfinsa, in ya tsaya kada kowa ya ce masa tashi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Na yi ta jiran dukan Baba bai zo ba. Ranar da aka sallame shi ya kira ni zaure ya ce, "Tunda kai ne mai agogo, allurar nan a wuyanka take." Shi ke nan abin da ya faɗa. Da aka buɗe ɗaukar 'yan doka ban je ba, don horon a wani gari ake yi.

Duk Talata ta huɗu ina goya shi a keke. Wata biyar na farko ba ya ce mini komai sai "to". In zan taɓa shi sai ya ɗan noƙe. Na gida kuwa ya fi shi riƙo, ya kusa shekara ba ya cin abinci kwano ɗaya da ni. Wata rana muna hawan tudun da ke kusa da asibiti, ina ta fama da feda, sai na ji ya kwantar da kansa a bayana. Can ya ce, "Yaya, sauka mu taka. Ka gaji, ina ji ta bayanka." Na sauka. Muka taka a hankali, shi yana riƙe da sirdi, yana ba ni labarin wata akuyar Kaka mai cin sabulu. Ranar mun makara da minti ashirin, kuma ba abin da ya faru.

Allura ba ta taɓa wuce mu ba har ya girma ya riƙa kai kansa. Ya koyi ɗinki, ya buɗe shago a Malumfashi, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu. Ya rasu da shekara arba'in da 'yan kai, zuciyar ce dai. Allah ya jiƙansa. Ɗan'uwansa yana nan da ransa, har yanzu da ƙafa yake zuwa gona. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ko ya manta ba.

Ban ɗora wa Kaka laifi ba, ta yi abin da ta sani, kuma ita kaɗai ce ta kalli yaron ta gane ba ya iyawa. Ni da na yi aji bakwai, na ɗauka tunda fuskarsu ɗaya to cikinsu ma ɗaya ne. Ban san cewa abin da yaro ya sha a shekarunsa na farko, ɗakin da ya kwana, ciwon da aka raina, yana nan tare da shi inda ido ba ya kaiwa ba. Na tambayi likitoci fiye da ɗaya ko gudun mako ukun nan ya rage masa kwana. Kowa ya ce mini ba mai iya sani. Wannan amsar ba ta taɓa zaunar da ni ba.

Yanzu gidana yana kallon filin wata firamare. In malami ya fito da yara zagaye, ba na iya zama a kujera. Na gaba ba su dame ni ba, na ƙarshe nake bi da ido har ya iso. Sau biyu ina shiga filin in yi wa malami magana, sun ɗauke ni tsoho mai shisshigi. Ba komai.

Roƙona gare ku shi ne wannan. In akwai yaro a gidanku da yake tsayawa yana haki a inda sa'o'insa suke wucewa, kada ku ƙara masa zagaye, kada ku sa masa suna. Ku kai shi a saurari ƙirjinsa a cikin makon nan, kuma ku tafi da wanda ya raine shi.